Yadda Ake Zaɓen Kayan Nutso da Kyauta Ga Mai Shiga Murjani, Kangon Jirgi ko Kogon Ruwa

Kafin ka sayi wani abu na nutso da tukunyar iska, ko don kanka ko don ka ba wani kyauta, ka fara sanin abu ɗaya: a wurin da mutumin yake nutso, idan abu ya ɓaci, zai iya tasowa sama kai tsaye, ko akwai rufi a kansa? Mai yawo a kan duwatsun murjani ruwa ne kawai a samansa, damuwarsa ita ce kada ruwa ya ja shi nesa da jirgi, kuma kada ya ɓata abin da ya zo kallo. Mai shiga cikin jirgin da ya nutse ƙarfe ne a kansa, mai shiga kogo kuwa dutse ne. Su biyun nan ba su da hanyar sama sai ta ƙofar da suka shigo. Saboda haka abin da yake ado a wurin na farko yana iya zama tarko ga na biyu da na uku.

Abin da ba a saya wa mutum ba da saninsa ba

Ragileta (na'urar da ake shaƙar iska daga tukunya da ita), rigar iska da ke daidaita mutum a tsakiyar ruwa, kwamfutar nutso, rigar roba da gilashin fuska, duk waɗannan ka bar wa mai shi ya zaɓa. Dalilin ba tsada ba ne. Ragileta kanta iri biyu ce wajen haɗuwa da bawul ɗin tukunya: akwai wadda ake rungumo kan bawul da ita a ɗaure da kusa ta baya, akwai kuma DIN wadda ake murɗawa cikin tiredin bawul. Masu shiga kogo da masu zurfi DIN suke so, domin zoben robarta a kulle yake a ciki, ba ya fita don an bugi dutse. DIN ɗin ma akwai ta bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) mai zagayen tiredi 5 da ta bar 300 mai zagaye 7, kuma ta 200 ba ta kama bawul ɗin 300. Wanda bai san tukunyar mutum ba yana iya kawo abin da ba zai shiga ba.

Gilashin fuska kuwa fuskar mai shi ce ke zaɓensa. Ana ɗora shi a fuska ba tare da an sa maɗauri ba, a ja numfashi kaɗan ta hanci. Idan ya manne bai faɗi ba, ya dace. Idan iska tana shiga ta gefen hanci ko ta goshi, ruwa ma ta nan zai shiga, komai kyan sunan kamfanin. Kwamfuta kuma kowace tana da lissafinta na nitirojin da jiki ya sha, kuma abokan nutso sun fi son nasu su zama masu lissafi iri ɗaya, don kada ɗaya ya ce a tashi ɗaya ya ce da saura. Idan lallai irin wannan babbar kyauta kake so, ka raka shi shago ya zaɓa ka biya.

Sai doka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: kada kyauta ta wuce horon da mutum ya samu. Takardar shaidar matakin farko mita 18 ce iyakarta, ta gaba mita 30, kuma nutson shaƙatawa gaba ɗaya ba ya wuce mita 40. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ba mutum izinin kutsawa cikin jirgi ko kogo. Idan ka ba mai takardar farko kwarkwaron igiya da babbar tocila, ka ba shi abin da zai ja shi ciki, ba ka ba shi abin da zai fito da shi ba. A wasu maɓuɓɓugan ruwa na jihar Fulorida ta Amurka ana hana duk wanda ba shi da horon kogo riƙe tocila a ruwa, don an lura duhu ne ke tsayar da marar horo a bakin kogo. Da zarar ya samu haske sai ya ƙara gaba.

Ƙananan kayan da kowane mai nutso zai yi murna da su

Mafi amfani kuma mafi ƙarancin ƙawa shi ne ɗan akwatin kayan gyara. Nutso da yawa yana lalacewa ne a kan jirgi saboda zoben roba da bai kai girman ɗan yatsa ba. A zuba zoben roba mai lamba 014 na bakin bawul irin na runguma, da mai lamba 112 wanda yawancin ragiletocin DIN ke ɗauka, da ƙananan na tiyo. A ƙara robar baki ta ragileta guda ɗaya da maɗauran roba na ɗaure ta, da maɗaurin gilashin fuska, da maɗaurin takalmin iyo, da ɗan tsinken tagulla ko na roba na cire zobe. Ba a cire zobe da allura ko wuƙa, domin ƙarfe mai ƙarfi yana karce mazaunin zoben, daga nan iska ba za ta daina tsiyaya ba. Idan mutumin yana shaƙar naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, a sa zobunan Viton, wata roba mai jure oksijin, da man shafawa wanda aka yi don oksijin. Giris ɗin silikon na tocila ne da akwatin kyamara, ba a kai shi inda oksijin mai yawa ke bi da matsi, don yana iya kama wuta.

Wanda ke amfani da naitiroks zai ji daɗin na'urar auna oksijin ta kansa. Ana fara daidaita ta da iskar waje a kashi 20.9, sannan a buɗe bawul a hankali a auna, a rubuta a jikin tukunya. Amfanin awon shi ne sanin iyakar zurfi: iska mai oksijin kashi 32 ba a wuce mita 33 da ita, mai kashi 36 kuwa mita 28. Wanda ya wuce yana iya samun farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa, robar baki ta fita. Abin da ke auna oksijin a cikin na'urar yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, don haka a duba ranar da aka yi shi kafin a biya.

Abin yanka ma kyauta ce da ba ta kuskure, in dai ba doguwar wuƙar nan ta ɗaurawa a ƙwauri ba ce. Abin da ke kama mai nutso ba dabba ba ce, siririyar igiyar fatsa ce ta nailan da ba a ganinta a ruwa, da tsohon taru da ya maƙale a dutse ko a jikin jirgi. Doguwar wuƙa ba ta yanka irin wannan igiya da sauƙi, ita kanta takan maƙale, kuma wanda ƙafarsa ta sarƙe ba lallai hannunsa ya kai ƙwauri ba. Abin da ke aiki shi ne ɗan abin yanka mai siffar ƙugiya da reza a cikinsa, da almakashi mai dakusasshen baki irin na ma'aikatan agajin gaggawa, wanda ke cin waya ma. Guda biyu ake ɗauka, ɗaya a ɗamarar ƙugu ta gaba, ɗaya a kafaɗa ko a wuyan hannu, yadda kowane hannu zai kai ga ɗaya. Rezar tana tsatsa cikin 'yan makonni idan ba a wanke ta da ruwan daɗi an shafa mata ɗan silikon ba, don haka a haɗa da rezoji na canji.

Sai doguwar balan-balan ta alama, wadda ake aikawa sama tun ana ƙasa don jirgi ya san inda mutum yake. A nemi mai tsawon mita 1.2 zuwa 1.8, ruwan lemo, mai rufaffen gindi da bawul ɗin rage iska, tare da ɗan kwarkwaro mai igiya mita 20 zuwa 30. Mai buɗaɗɗen gindi tana kwanciya a saman ruwa ta zubar da iskarta. A wasu wurare, musamman a Turai, ruwan ɗorawa alama ce ta neman agaji, don haka kada a saye ta a matsayin ta yau da kullum.

Aika ta yana da tsari, kuma nan ne mutane ke jin ciwo. Ka tsaya daidai a ruwa, ba ka sama ba ka ƙasa. Ka warware balan-balan, ka haɗa ta da igiya, ka duba samanka babu mutum babu jirgi. Ka riƙe kwarkwaron tsakanin yatsu biyu, hannu a miƙe nesa da jiki, ka hura iska, ka saki. Iskar da ake bukata ba ta da yawa, domin kowane mita 10 na ruwan teku yana ƙara matsi bar 1, iska kuma tana kumbura yayin da take hawa. A mita 10 rabin cika ya isa, za ta cika da kanta kafin ta kai sama. A mita 5 sai an cika kashi biyu cikin uku, shi ya sa aikawa daga can ya fi wuya. Kada a taɓa maƙala kwarkwaron a jiki lokacin aikawa. Idan igiya ta sarƙe a ragileta ko a yatsa, balan-balan za ta fizge mutum sama da gudun da ya wuce mita 9 zuwa 10 a minti da kwamfutoci ke yarda da shi, kuma daga nan ne ciwon kumfar nitirojin, wato kumfar da ke fitowa a jini idan an taso da sauri, da fashewar huhu ke zuwa. In ta sarƙe, a sake ta ta tafi. Sabon kwarkwaro yakan zo cike da igiya har baki, sai a warware a rage har ramukan gefensa su fito, don a samu wurin sa ƙugiya.

Ƙugiyoyin rataye kaya su ma a kula da su. Wadda ake so ita ce mai sakata, wadda sai an ja da babban yatsa take buɗewa, ta ƙarfe marar tsatsa. Ta tagulla tana yin kaifi a baki da daɗewa, ta araha kuma sifirin ɗinta ne ke fara ruɓewa, araha dai ba ta ado. Wadda ake gudu ita ce mai ƙofar da ke turuwa ciki da kanta irin ta masu hawan dutse, domin igiya tana shiga ba tare da an sani ba, sai mutum ya ji an riƙe shi ta inda ba ya gani. Ana ɗaure ƙugiya a jikin tocila ko ma'aunin iska da siririyar igiyar nailan: zagaye uku, a ƙulle, a ƙona bakin da wuta, a ɗiga gam a kan ƙullin. Ba a haɗa ƙarfe da ƙarfe da zoben makulli, don duk abin da ke rataye a jikin mai nutso dole ya zama ana iya yanke shi idan ya maƙale.

Mai nutso a murjani

Wannan shi ne mafi sauƙin yi wa kyauta. Ruwa yana haɗiye launuka ɗaya bayan ɗaya, ja ne ke fara ɓacewa tun wajen mita 5, sai ruwan lemo, sai ɗorawa, har a mita 25 komai ya koma shuɗi da toka-toka. Ƙaramar tocila mai ƙarfin haske lumen 1000 ko kusa da haka tana dawo da launin ko da rana tsaka, kuma da ita ake leƙa ƙarƙashin dutse inda jatan lande da halittar nan mai hannaye takwas ke ɓuya. Mai ɗaukar bidiyo fitila mai faɗin haske yake bukata, digiri 100 ko fiye. Jan gilashin da ake sa wa kyamara yana taimakawa a ruwa mai shuɗi, amma idan aka kunna fitila tare da shi hoton zai rine ja.

Mai kyamara ka ba shi zoben robar akwatinsa na canji da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi. Akwatin kyamara ba kasafai yake shan ruwa don ya fashe ba. Gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya a kan zoben ya isa. Ana cire zoben, a goge shi da ramin da yake zama da ƙyalle marar zare, a shafa silikon kaɗan yadda zai yi sheƙi kawai, a duba shi a haske, a rufe. Giris mai yawa ba ya ƙara toshewa, yashi yake kwasa. Sannan a tsoma akwatin a ruwan daɗi a duba ko kumfa na fita kafin a shiga teku.

Ƙugiyar murjani, wato ƙugiya mai dakusasshen baki da igiya wajen mita ɗaya da rabi zuwa biyu, tana da amfani a wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi, irin su Blue Corner a Palau da mashigan tsibiran Maldibs. Ana sa ta a mataccen dutse, a ƙara iska kaɗan a riga, mutum ya tsaya yana kallon kifaye ba tare da ya rungumi komai ba. Kuskuren da ake yi biyu ne: sa ta a murjani mai rai, da cire ta kafin a sauke iskar da aka ƙara, sai mutum ya tashi sama ba shiri. A inda ruwa ba ya gudu ba ta da aiki ko kaɗan.

Safar hannu kuwa a yi tambaya tukuna. A tsibirin Bonaire dokar gandun teku ta hana sa ta, domin wanda hannunsa ke rufe yakan taɓa abin da bai kamata ba. Man kare fata daga rana ma akwai doka a kansa: Palau ta hana masu wasu sinadarai tun 2020, Hawayi ta hana sayar da masu oxybenzone da octinoxate daga 2021. Rigar iyo mai dogon hannu ta fi kowane mai, tana tare rana, tana tare ƙaiƙayin halittun ruwa masu harbi, kuma ba ta wankewa. A haɗa da usur da ɗan madubi na haska wa jirgi. Muryar mutum ba ta zuwa ko'ina a kan teku idan iska na kaɗawa da inji na aiki.

Mai nutso a kangon jirgi

Jirgin da ya daɗe a ruwa kaifi ne ko'ina, ga wayoyi suna reto, ga taru da igiyoyin masunta, don kifi yana taruwa a nan, masunta kuma suna bin kifi. A nan safar hannu mai ƙarfi wajibi ce, irin mai Kevlar, wani zare mai wuyar yankewa, a tafin hannu, almakashi kuma ya fi reza saboda waya. Kauri ya danganta da ruwan. SS Thistlegorm, wanda jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a Bahar Maliya a Oktoba 1941, yana kwance a wajen mita 30 cikin ruwa mai ɗumi, da babura da manyan motoci har yanzu a cikinsa. Jiragen ruwan yaƙin Jamus da aka nutsar a Scapa Flow ta Sikotilan a Yuni 1919 kuwa cikin ruwan sanyi suke, sai da rigar da ba ta shigar da ruwa, da hula mai kauri, da safar milimita 5. Kyautar da ta dace da ɗaya ba ta da amfani ga ɗayan.

Abin da ke kashe mutane a cikin jirgi galibi rashin gani ne. Laka mai laushi tana kwance a daɓen kowane ɗaki, bugun ƙafa ɗaya na sama da ƙasa ya isa ya tashe ta kamar an kaɗa buhun gari. Ko mutum ya iya ƙafa, kumfar numfashinsa tana bugun rufi tana kakkaɓo tsatsa, ta zubo a bayansa, wato a kan hanyar fita. Shi ya sa masu shiga ciki suke son gajerun takalman iyo masu tauri, waɗanda ake bugun kwaɗo da su, ruwa ya tafi baya maimakon ƙasa, har a iya ja da baya ba tare da an juya ba. Masu tsagaggen baki da dogaye masu laushi ba sa yin wannan aiki. Idan ba ka san lambar ƙafarsa tare da takalmin robarsa ba, ka sayi maɗaurin sifirin na takalmin da yake da shi, wanda ba ya tsinkewa kuma ba shi da harshen da igiya za ta kama.

Kwarkwaron jirgi yana bukatar igiya mai kauri fiye da ta kogo, saƙaƙƙiyar nailan mai lamba 36 ko sama, domin bakin ƙarfe yana cin siririya. Tocilarsa kuma mai siririn haske ce, digiri 6 zuwa 10, da ke ratsa ruwa mai ƙura. Mai faɗin haske a irin wannan ruwa ƙurar take haskawa ta dawo wa mutum a ido. Fitila mai walƙiya da ake maƙalawa a gindin igiyar saukowa kyauta ce mai kyau da ba a cika tunawa da ita ba. Kangon jirgi yana rikita mutum, musamman wanda ke kwance a gefe, kamfas kuma ba ya nuna gaskiya kusa da tarin ƙarfe.

Akwai abin da ba a bayarwa sam: guduma, kurfi, ko wani abin ɓanɓaro kaya. Jirage da yawa kaburbura ne. A tafkin Chuuk na tekun Pasifik, inda Amurka ta nutsar da jiragen Japan a Fabrairu 1944, doka ta hana ɗaukar komai, a Birtaniya kuma akwai dokar 1986 da ke kare ragowar jiragen soja. Littafin tarihin jirgin da yake shirin zuwa, mai zanen ɗakunansa, ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Mai nutso a kogo

Nan ne ake bukatar a fi taka-tsantsan da kyauta, domin kowane abu a jikinsa yana da mazauni da dalili, abin da ya ƙaru kuma matsala ce. Tsarin da ake bi ya samo asali ne daga binciken mace-macen kogo da Sheck Exley, wani Ba'amurke gwanin nutson kogo, ya wallafa a 1979, wanda daga baya ya zama ƙa'idoji biyar: horo, igiya marar yankewa daga bakin kogo har inda aka tsaya, ajiye iskar komawa, iyakar zurfi, da fitila uku ga kowane mutum. Duk kyautar da ta dace tana ƙarƙashin ɗaya daga cikin waɗannan.

Ka ɗauki lissafin iska. Tukunya mai lita 11 a bar 200 tana ɗauke da lita 2200. Wanda ke shaƙar lita 20 a minti a saman ruwa zai sha 80 a mita 30, domin matsin ya ninka huɗu. Ƙa'idar kogo ita ce a raba iska uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na abokin da iskarsa ta yanke. Wanda ya shiga da bar 210 zai juya a 140. Idan tukwanen abokan ba girma ɗaya ba ne, da lita ake lissafi ba da bar ba, kuma a bi na mai ƙaramar iska. Idan ruwan kogon ciki yake ja, kashi uku ma bai isa ba, don fitowa za ta fi shiga cin iska. Irin wannan lissafi rubuta shi ake yi, shi ya sa ɗan littafin rubutu mai takardar roba da fensir marar katako kyauta ce da kullum ake so. Fensir mai katako yana kumbura ya tsage.

Alamomin igiya su ma suna ɓacewa kullum, ana bukatar ƙari. Iri biyu ne. Kibiya, mai kusurwa uku, tana nuna hanyar fita ga duk wanda ya same ta, ko da ido ko da lalube. Mai zagaye kuwa ba ta nuna wa kowa hanya, alama ce ta mutum ɗaya da ke cewa ta nan na biyo. Ana rubuta suna a kansu, kuma a yi musu tsaga ko huji na musamman yadda mai su zai gane nasa da yatsa a cikin duhu. Kibiyar da aka sa a juye tana iya tura wata tawagar cikin kogo suna zaton waje suka nufa, don haka ba abin wasa ba ce, ba kuma a ba marar horo ita ya rataya don ado idan zai shiga ruwa.

Kwarkwaro kuwa kowane mai kogo yana ɗauke da na ko-ta-kwana mai igiya mita 30 zuwa 45, don neman babbar igiya idan ta ɓace masa ko neman abokin da ya ɓata, ban da ƙananan na tsallakawa daga wata igiya zuwa wata. Igiyar saƙaƙƙiyar nailan ce mai lamba 24, fara, wadda ke nutsewa. Igiyar da ke tasowa sama ba ta shiga kogo, don takan naɗe a bawul ɗin tukunya ta bayan kai.

Babbar fitila ka bar masa ya zaɓa, amma ƙananan biyun na ajiya ana iya saya. A nemi masu sauƙin gini, waɗanda ake kunnawa da murɗa kai, masu zoben roba biyu ko uku, masu rami a gindi na ɗaure ƙugiya, marasa maɓallai da yawa. Da yawa sun fi son masu batir na sa-ka-yar a kan masu caji, domin fitilar ajiya tana iya yin watanni ba a kunna ta ba, kuma ranar da aka bukace ta dole ta ci daga can ƙuryar kogo har waje. Matsala ɗaya da irin wannan fitila: idan ba a sassauta kan sosai ba, matsin ruwa yakan danna shi ta kunna kanta, batir ya ƙare ba a sani ba. Idan kuma aka sassauta fiye da kima, ruwa ya shiga. Ana murɗawa har ta mutu, a ƙara rabin zagaye zuwa zagaye ɗaya, a danna kan da hannu a gani ko za ta kama.

Gilashin fuska na ajiya, irin wanda yake sawa sak, yana zama a aljihun cinya. Igiyar roba mai talewa ta rataye ragileta ta biyu a wuya, da ta riƙe tukwane ga mai rataya su a gefe, kullum tana saki ana canzawa, don haka 'yan mitoci daga cikinta ba sa zama asara. Bututun shaƙa na saman ruwa, da abin buga tukunya don kiran aboki, da igiya mai jan kanta ta rataye kaya, duk ba sa shiga kogo. Ana kiran aboki da haske ne: zagaye yana nufin lafiya, kaɗawa a hankali na nufin dube ni, kaɗawa da sauri na nufin gaggawa.

Idan ba a san me yake da shi ba

Wanda ya daɗe yana nutso galibi ya riga ya mallaki ƙananan kayan nan, wasu ma bibbiyu. A nan sai a biya masa kuɗin sabis ɗin ragileta, wanda yawancin kamfanoni ke so a yi duk shekara ɗaya ko biyu, ko kuɗin horo na gaba: daidaita jiki a ruwa ga mai murjani, ceto, naitiroks, ko matakin farko na kogo inda ba a wuce hasken rana. Inshorar haɗarin nutso, irin ta Divers Alert Network, ita ma kyauta ce, domin inshorar tafiya ta yau da kullum ba kowace ke biyan ɗakin matsi na jinyar ciwon kumfa ba, wasu kuma suna da iyakar zurfi ko sun cire kogo, sai a karanta sharuɗɗan kafin a biya.

Idan kyautar fitila ce mai batirin litiyam kuma za a hau jirgin sama da ita, batirin a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kaya ba, a cire shi daga fitilar don kada ta kunna ta yi zafi. Batirin da ƙarfinsa bai wuce wat-awa 100 ba yana wucewa, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka ba a ɗauka a jirgin fasinja. Ana rubuta adadin a jikin batirin, a duba shi tun a shago, musamman na manyan fitilun kogo.